Ƙarar ƙafar mota: Wadda za ta iya jira da wadda ba ta jiran gobe

Duk mai bin Ƙofar Kaura a birnin Katsina ya san yadda mota ke lafawa idan ta gangara gadar ƙasan nan da gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Kwalta sumul, sitiyari shiru, ba ka jin komai sai kukan injin.

Amma da zarar an bar babban titi an shiga layukan da ruwan damina ya zaizaye, sai gaban motoci da yawa ya fara magana: ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa, gwaf idan taya ta faɗa rami.

A nan direbobi ke rabuwa gida biyu. Wasu su ƙara sautin rediyo su ce ai mota ba ta rasa ƙara. Wasu kuma su wuce gareji su ce, "Oga, ƙafa ce, a duba min," su dawo da doguwar takardar kayan da za a saya.

Na farko yana wasa da rai, na biyu yana wasa da aljihu. Dalili kuwa shi ne, sassa fiye da goma a gaban mota suna iya yin ƙara kusan iri ɗaya. Wani ɗan ƙarfe ne mai araha da ba ya hana tafiya, wani kuma shi kaɗai ne ke riƙe taya a jikin mota. Aikin farko shi ne a gano wanne ne ke kukan kafin a zaro ko sisi.

Me ake nufi da "ƙafa"?

Idan bakanike ya ce ƙafa, yana nufin duk abin da ya haɗa taya da jikin mota da kuma sitiyari.

Akwai shokazoba da sifirin, masu shanye duka idan an faɗa rami. Akwai lowa-am, faffaɗan ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa, wanda aka ɗaure a jikin mota ta cikin robobin da ake kira bushin. A ƙarshensa akwai boljoyin, wata gaɓa mai dunƙulallen kai da ke juyawa cikin kwaminta kamar yadda ƙashin cinya ke juyawa a ƙugun mutum.

Ta ɓangaren sitiyari akwai rak, wanda ke mayar da juyin hannunka zuwa turi hagu ko dama, sai tayirod na ciki da na waje da ke kai wannan turin ga taya.

Sannan akwai sandar ƙarfen da ke hana mota kwantawa a kwana, wato sitabilaiza, da 'yan gajerun sanduna biyu da ke haɗa ta da ƙafa, waɗanda ake kira linkej. A motocin da ke ja da tayoyin gaba kuma akwai shaf, mai kai ƙarfin injin ga taya.

Galibin waɗannan gaɓoɓi tsarinsu ɗaya ne: ƙarfe a cikin giris, an rufe da 'yar roba. Muddin robar na nan lafiya, gaɓar na iya shekaru. Ranar da ta tsage, an fara ƙirga kwanaki.

Abin da ke cin ƙafa a Katsina

Yanayin Katsina ba ya tausaya wa roba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, har ya wuce, robobi su bushe su yi tsaga. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa. Damina kuma, musamman a watan Agusta, ta cika ramuka da ruwa yadda direba ba ya ganin zurfinsu sai ya ji a jikinsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da robar boljoyin ko ta shaf ta fashe, giris ya fita, yashi da ruwa su shiga. Yashin da ya cakuɗu da sauran giris yana goge ƙarfe ne a hankali, kamar ana wasa wuƙa a dutse, har gaɓar ta yi sako-sako. Wannan sako-sakon shi makanikai ke kira wasa, kuma shi ne asalin ƙarar.

Ƙari a kan haka akwai lodi. Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Katsina da Kano, tafiyar kusan kilomita 170 ta Charanchi da Kankiya da Bichi, ko masu bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, sau da yawa suna ɗaukar fiye da abin da aka ƙera su a kai. Ga kuma tudun rage gudu da ake hawa a guje, da masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi kai-tsaye a kan robobin.

Mafi yawan motocin ma sun gama rabin rayuwarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Da tsohuwar roba suka iso.

Fara da kunnenka

Ba sai ka iya riƙe sifana ba kafin ka taimaki bakanike. Kai ne kake cikin motar kullum, shi kuma minti biyar zai yi da ita.

Ka kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, ka sauke gilashi. Ka fitar da jak da sifanar taya da duk wani tarkace daga but da aljihun gaba, domin ba sau ɗaya ba an sha neman ƙara a ƙafa alhali jak ne ke rawa a baya. Ka duba notunan taya ɗaya bayan ɗaya, musamman idan kwanan nan mai faci ya kwance ta. Ka duba ko batir a ɗaure yake.

Daga nan ka gwada motar a wurare huɗu, kuma duk akwai su a kewayen Ƙofar Kaura: titi mai santsi, layi mai gargada, tudun rage gudu, da fili mara cunkoso inda za ka iya juya sitiyari har ƙurya. Ka yi da sassafe kafin 'yan adaidaita su cika hanya.

Tambayoyin da za ka riƙe su ne: Yaushe take yi, a rami ko a kwana ko a birki? Sau ɗaya take bugawa ko a jere? Hagu ko dama? A hannu kake jin ta ta sitiyari, ko a tafin ƙafarka? Tana ɓacewa idan ka ɗan taɓa birki?

Amsoshin nan kaɗai sun isa su rage waɗanda ake zargi daga goma zuwa biyu ko uku.

Kowace ƙara da mai ita

*Ƙwas-ƙwas mara nauyi, a jere, a kan gargada da ƙaramin gudu.* Wanda aka fi kamawa da wannan shi ne linkej ko robobin sitabilaiza. Alamarsa ita ce ya fi kuka idan taya ɗaya ta hau ɗayar ba ta hau ba. Idan ka hau tudun rage gudu da tayoyi biyu a tare, sau da yawa shiru za ka ji. Yana cikin mafi araha a kayan ƙafa, amma ƙararsa ta fi ta kowa tayar da hankali.

*Gwaf mai nauyi a rami, wani lokacin da ƙiii kamar tsohon ƙyaure idan kana juya sitiyari a hankali.* Wannan ka zargi boljoyin. Kukan ƙyauren nan yana nufin giris ya ƙare, ƙarfe na cin ƙarfe.

*Ƙara da kake ji a tafin hannu, tare da sitiyari mai sako-sako.* Idan kana juya sitiyari kaɗan amma taya ba ta amsa ba, ko motar na yawo a titi kana ta gyara mata zama, tayirod ne ko rak. Ka duba tayoyin gaba: idan gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗayan, ƙarin shaida ke nan.

*Dum sau ɗaya idan ka taka birki ko ka tashi daga tsaye.* Wannan halin bushin ɗin lowa-am ne. Robar ta yage, ƙarfen na matsawa gaba da baya. Idan kuma bugun yana zuwa ne lokacin da ka sa giya daga gaba zuwa ribas motar na tsaye, a duba robobin da injin ke zaune a kai.

*Ɓas-ɓas daga sama, kusa da gilashin gaba, idan ka juya sitiyari motar na tsaye.* Kan shokazoba ne, inda ta haɗu da bodi. Akwai ɗan boris a wurin da ke barin ta juyawa. Idan ya ƙage, sifirin ne ke murɗewa ya saki.

*Motar na ta lilo bayan ta wuce tudu, gabanta na nutsewa a birki.* Shokazoba ta mutu. Leƙa bayan taya, za ka iya ganin mai ya jiƙa jikinta ƙura ta manne.

*Ƙaƙas-ƙaƙas a jere idan ka karya sitiyari har ƙurya ka ba ta wuta.* Kan shaf na waje ne. Kusan kullum za ka tarar robarsa ta fashe, baƙin giris ya fantsama a cikin wili.

*Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, yana canzawa idan ka ɗan karkata hagu ko dama.* Boris ɗin taya ne. Shi ba ya bugawa sai ya yi nisa.

*Kwaram-kwaram da ke ɗaukewa da zarar ka ɗora ƙafa a birki.* Ba ƙafa ba ce, birki ne ke wasa a mazauninsa.

Akwai kuma motocin da sitiyarinsu na lantarki ne. A wasu Hyundai Elantra da Sonata na wajajen 2011, akwai wata 'yar roba mai siffar tauraro a cikin na'urar da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan ta cinye, sai ka ji ƙwal-ƙwal duk lokacin da ka motsa sitiyari. Robar ba ta kai tafin hannun yaro ba, amma wanda bai san da ita ba sai ya sayi rak sukutum, ƙarar kuma tana nan.

Gani ya kori ji

Kunne yana nuna hanya ne kawai. Ƙarfe na ɗaukar sauti, ƙarar da aka yi a hagu kan iya fitowa kamar daga dama. Shi ya sa hukunci sai an gani da ido, an taɓa da hannu.

Gwajin farko motar na ƙasa ake yin sa. Wani ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan sauri, bakanike ya kama tayirod da hannu. Gaɓa mai wasa tana bugun tafin hannu, ba ta ɓuya. Haka idan aka dafa sifirin ana juya sitiyari, za a ji yana zillo idan kan shokazoba ne.

Na biyu a ɗaga motar. A kama taya ta hagu da dama a girgiza: wasan da aka ji a nan yawanci na tayirod ne ko rak. A kama ta sama da ƙasa a girgiza: wannan na boljoyin ne ko boris. Don a raba su, wani ya taka birki a sake girgizawa. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, boljoyin ne.

Na uku a sa dogon ƙarfe a ƙarƙashin taya a ɗaga, ido na kan boljoyin. A sa shi kuma a gefen bushin a taɓa. Roba mai lafiya tana ɗan motsi ta koma. Wadda ta mutu za ka ga tsaga, ko ƙarfen ciki ya rabu da ita.

Idan linkej ake zargi, akwai gwaji mai sauƙi: a kwance shi, a ɗaure sandar gefe yadda ba za ta taɓa komai ba, a zaga layi ɗaya a hankali. Idan ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo. A mayar ko a sa sabo nan take, ba a tafiya da ita haka.

Duk wannan bai fi minti ashirin ba. Kana da haƙƙin ka durƙusa ka gani. Ba rashin yarda ba ne ka ce, "Oga, don Allah nuna min inda yake wasa." Bakaniken da ya san aikinsa daɗi yake ji a tambaye shi, domin a nan ne yake nuna bambancinsa da mai canke. Idan ka ji an ce, "Alhaji, ai duk ƙafar ce ta tafi, sai an zubar an sa wata," tun ba a ɗaga motar ba, ka nemi ra'ayi na biyu.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko kai ko yaron gareji. A sa ƙarfen tokara, a kan ƙasa mai tauri, a datse tayoyin baya.

Biyun da ba sa jira

Linkej zai iya jiran albashi. Bushin da shokazoba za su iya jiran 'yan makonni idan ana lallaɓawa a cikin gari, ko da yake suna cin taya, kuma mataccen shokazoba na ƙara nisan da mota ke yi kafin birki ya tsayar da ita. Shaf mai ƙara kan daɗe yana gargaɗi, amma ranar da ya tsinke injin zai yi ta kuka motar ba ta motsi.

Boljoyin da tayirod kuwa ba a yi musu alƙawarin gobe.

Idan tayirod ya fita, tayar da yake riƙe da ita ta daina bin umarnin sitiyari. Idan boljoyin ya fita, taya kan lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota ko ta baje waje, gaban motar ya dafe ƙasa. Kowa ya taɓa ganin irin wannan motar a gefen titi, ta durƙusa kamar raƙumi.

Sau da yawa hakan na faruwa ne a ƙaramin gudu, wajen kwana ko hawa tudu, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa abin dariya. Amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan abin ya zo a hanyar Kano, ga tirela na tahowa, ba lokacin yin dabara.

Akwai dalilin da ya sa wasu motoci suka fi wasu suna a wannan matsala. Corolla da Camry da Golf da Peugeot 406 suna amfani da tsarin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro, wanda kamfanin Ford ya sa a motocinsa Consul da Zephyr a Ingila a 1950. A wannan tsari, nauyin mota yana sauka ne ta shokazoba da sifirin kai-tsaye zuwa ga taya, boljoyin na ƙasa aikinsa riƙe ta a layi.

A Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, shokazoba a kan lowa-am take zaune. Saboda haka nauyin gaban motar yana ratsawa ta boljoyin na ƙasa, yana jan kansa kamar zai zare shi daga kwaminsa. Tsari ne mai daɗin tuƙi, kuma da kaya mai kyau yana shekaru lafiya. Sai dai ba ya yafe jabun kaya ko fasasshiyar roba.

Wannan bambanci ya shafi gwaji ma. A irin wannan Honda, idan aka ɗaga motar ta bodi aka bar taya na reto, ƙarfin sifirin na iya matse gaɓar ya ɓoye wasan, a ce maka lafiya lau. Sai an sa jak a ƙarƙashin lowa-am, kusa da taya, sannan gaskiya ke fitowa.

Kuma ba matsalar kamfani ɗaya ba ce. A 2005, sannan a 2007, Toyota ta kira motoci sama da rabin miliyan a kowane karo a Amurka, cikinsu har da Tundra da Sequoia, don a canza musu boljoyin na ƙasa kyauta. Inda ake da santsin titi ma ba a raina wannan 'yar gaɓa ba.

Sabo, Beljiyam ko gyaran hannu?

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, lissafin mai mota ya canza. Dalar da hukuma ke sayarwa kusan Naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. Kusan duk kayan ƙafa daga waje ake shigo da su, su biyo ta Ladipo a Legas ko Nnewi ko Ƙofar Ruwa a Kano kafin su iso shagunan Katsina. Farashinsu ya bi Dala.

Wannan ne ya sa canke ya zama tsada biyu. Rak na cikin mafi tsada a gaban mota, linkej na cikin mafi araha, kuma mai kunnen da bai saba ba zai iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya.

A kasuwa zaɓi uku ne. Akwai sabo, wanda shi ma hawa-hawa ne, daga na kamfani zuwa jabun da aka sa a kwali mai kyau. Akwai Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje. Akwai kuma gyaran hannu.

Beljiyam na da amfani a manyan ƙarafa irin su lowa-am da rak, idan an duba da kyau. Amma ka tuna tsohon kaya ne. Ka kama kan boljoyin ko tayirod ka juya da hannu: mai lafiya yana da tauri, yana juyawa sumul. Wanda ke faɗuwa da kansa kamar wuyan jariri ya gama aiki. Ka matsa robar ka ga ko akwai tsaga. Ka yi hattara da wanda aka wanke aka fesa wa baƙin fenti.

Gyaran hannu kuma kala biyu ne. Yanka tsohuwar taya a yi bushin ko robar sitabilaiza dabara ce ta rashin kuɗi da kan kashe ƙara na ɗan lokaci, ko da yake ba ta kai ta asali laushi ko daɗewa ba. Amma daddoke boljoyin da guduma don ya matse, ko gasa shi, ko yi masa walda, wannan kashe ƙararrawa ne a bar gobara. Ƙarfen da ya cinye bai dawo ba, an dai toshe masa baki. Zafin walda kuma yana narkar da robar da ke ciki ya raunana ƙarfen.

Idan kuɗin bai kai a gyara komai ba, a bi layi: boljoyin da tayirod tukuna, sai birki da boris, sai shaf da bushin da shokazoba, linkej a ƙarshe. Idan kuma an ga robar gaɓa ta tsage amma ba wasa ba ƙara, canza robar da sabon giris a yau ya fi sayen gaɓar gaba ɗaya bayan wata biyu.

Bayan an ɗaura

Aiki bai ƙare ba don an sauke jak.

Notunan bushin ana ƙarasa ɗaure su ne bayan nauyin mota ya sauka a kan tayoyi. Idan aka ƙulle su taya na reto, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri, ka ce kayan ne jabu.

Inda aka yi wa notin boljoyin ko tayirod ramin fil, a sa fil ɗinsa sabo. Ƙusa ko guntun waya ba madadinsa ba ne.

Shokazoba ana canza ta biyu-biyu, hagu da dama, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri.

Duk lokacin da aka taɓa tayirod ko rak ko lowa-am, a wuce wajen alaimen. Ƙirga zaren noti da ido yana kai ka wajen masu alaimen ne kawai, ba ya maye gurbinsu. Wanda ya tsallake wannan zai biya da sababbin tayoyi.

Ka karɓi tsohon kayan da aka cire ka duba shi. Sannan ku shiga motar tare da bakaniken, ku bi layin da ta saba yin ƙarar kafin ka biya kuɗin aiki.

Idan ta faru a hanya

Idan kana tafiya ka ji gaban mota ya faɗi gefe ɗaya, ko sitiyari ya daina amsawa, kada ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka bar gudun ya ragu, sannan ka taɓa birki a hankali. Kunna fitilun gargaɗi, fitar da fasinjoji su koma nesa da titi, ka ajiye alamar kusurwa uku da nisa a baya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122.

Fasinja ma yana da ta cewa. Idan ka shiga mota a tasha ka ji gabanta na bugawa tun kafin a fita gari, ka yi wa direba magana cikin mutunci: "Malam direba, ka ji ƙafar nan kuwa?" Wataƙila linkej ne, ya kuma sani. Wataƙila kuma ya saba da ƙarar har ya daina jin ta.

Ga mai mota, dokar mai sauƙi ce. Duk lokacin juyen baƙin mai, tunda motar na gareji, a leƙa robobin nan a girgiza tayoyin gaba. A sake yi bayan damina, da kuma kafin doguwar tafiya irin ta Sallah ko biki. Sabuwar ƙara kuma kada ta kwana uku ba a san mai ita ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.